Littafin Bashi

Ni Sahabi, gyaran rediyo nika yi,
Rumfata na bakin Tsohuwar Kasuwa.

Da dalma da guntun waya nika ci da gida,
Matacce ake kawo min, in ba shi rayuwa.

Ran Laraba wani ɗan Kware yak kawo tasa,
Ta sha ruwan damina, ta bar motsawa.

Na buɗe cikinta, na kankare tsatsa,
Na sa batur biyu, ina murɗawa.

Sai ga gurmi. Sai ga ɗan tarin nan
Da Baba ka yi kafin shi soma rerawa.

Tunau mai gurmi, shekara tara cikin ƙasa,
Ga shi a tafin hannuna shina gaisuwa.

"Ta gyaru!" in ji ɗan Kware, yam miƙo ɗari biyar,
Na karɓa, hannuna na kaɗuwa.

Ni da nib buɗe wa murya ƙofa an biya ni,
Mai muryar bai taɓa ganin ko anini na shigowa.

Rana ɗaya sunka ɗauke shi a faifai,
Yat tafi bisa kekensa, rana na ƙonawa.

Kwalbar lemo ɗaya, goro biyu, sai takarda,
Yad dangwala yatsa, bai iya karantawa.

Tun ran nan shi ka buɗe filin manoma,
Tsakanin tallar taki da ta maganin ƙaiƙayin gwiwa.

Mai talla ya biya, mai gabatarwa na da albashi,
Mai kawo man inji ba ya yafewa.

Har mai gadin ƙofa na da ƙarshen wata,
Murya kaɗai ta zama rijiyar kowa.

Inna Tumba na gida, can Mabera,
In ta ji shi, hannunta na cikin daddawa,

Ba ta ɗaga kai. Leɓenta kaɗai ka motsi,
Amshin da ta sani take amsawa.

To, jiya labarun ƙarfe bakwai sunka ce
Akwai wata doka da ake shiryawa:

Duk sa'ad da anka sa waƙar mutum,
A ƙirga, a rubuta, a yi sakawa.

Rumfata ta cika da gardama har azahar.
Tela Maidamma yac ce, "Ku bar mantuwa,

Ba don rediyo ba, wa zai san Tunau?
Da sunansa bai wuce Kwannawa."

Gaskiya tai, ban musa ba.
Amma suna ba a dafa shi da kuɓewa.

Wani yac ce, "In doka ta tsaya da ƙafarta,
Tsofaffin faifai za su sha kullewa.

Tashar da ba ta iya sayen mai,
Wa'azi da kiran waya za ta koma sawa."

Nan cikina yad duri ruwa.
In sun rufe shi a kabad, ya sake mutuwa.

Kuma wa zai ƙirga? Wani ofis can Abuja?
Kuɗi ka bi hannu goma awa ƙanƙara,
Kafin su iso Mabera sun zama ruwa.

Duk da haka, da dare nij jawo littafin bashi,
Inda nika sa masu cewa "gobe ina zuwa."

Ƙarƙashin Bello direba da Hajo mai fura
Na buɗe shafi, na sa sunan Baba a samansa,
Duk jin gurmi, layi ɗaya nika jawa.

Yau da safe biyu. Da la'asar ɗaya.
Ban san wa zan kai wa ba, ina dai tarawa.

Na gaya wa Inna. Tay yi shiru, tad dubi bango,
Inda gurmin ka rataye cikin inuwa.

"Ɓera ya ci fatar," tac ce. "In sun biya,
Ka fara da ita. Sauran, a sai dawa."